Yadda Za Ka Ɗauki Hoton Shahon Kifi da Tsuntsaye Masu Sheƙa da Wayarka Ba Tare da Ka Tsorata Su Ba

Darasinmu na yau na kyamarar waya ne, sai dai ba a ɗaki za a yi shi ba. Fadama za mu shiga, daga gefen Kaugama da Auyo, a bi kogin Haɗeja har Baturiya da Nguru.

Wataƙila ka taɓa cin karo da hoton nan a Facebook ko TikTok: wani ƙaton tsuntsu mai farin ƙirji da baƙin zane a ido kamar ya sa kwalli, yana tsaye kan sheƙar ƙirare yana yagar kifi yana ba 'ya'yansa. Turawa na kiransa osprey. Mu a nan za mu ce masa shahon kifi, tunda kusan ba ya cin komai sai kifi. Idan aka ce maka tsuntsun nan yana zuwa fadamar Haɗeja, ba a yi maka ƙarya ba. Amma kafin ka cika batir ka fita neman sheƙarsa, ka sani ba za ka same ta ba, domin shahon kifi ba ya sheƙa a Najeriya.

Ci-rani yake zuwa. A ƙasashen Turai irin su Finlan, Suwidin, Jamus da Sikotlan yake yin ƙwai da ƙyanƙyasa, tsakanin Afrilu da Agusta. Kafin sanyi ya kama can sai ya tsallako teku da Sahara, tafiyar da ta wuce kilomita 5,000 ga wanda ya taso daga Finlan, ya sauka Afirka ta Yamma wajajen Satumba da Oktoba, daidai lokacin da ruwa ya cika fadamu. Maris na yi ya juya. Ƙananan da aka ƙyanƙyashe a shekarar ba sa komawa nan da nan, sukan zauna fiye da shekara guda a Afirka kafin su yi tafiyarsu ta farko zuwa gida, shi ya sa za ka iya ganin ɗaya-ɗaya ko da damina. Waɗannan samari ne, ba su da iyali. A nahiyar nan sai ka je wurare irin su gaɓar Bahar Maliya ko tsibiran Cape Verde kafin ka ga sheƙarsa.

Ke nan aiki biyu ne a gabanmu. Shahon kifi da sanyi za ka ɗauke shi, yana zaune kan busasshen reshe ko yana shawagi a saman ruwa. Masu sheƙa kuwa namu ne na gida: shamuwa, balbela, zalɓe, zakaran ƙeƙuwa, akasarinsu kuma da damina suke yi. Ƙa'idar ɗaya ce ga duka. Kai za ka tsaya nesa, na'ura ce za ta matsa.

Matsalar daga wayar take

Babbar kyamarar da ke bayan Tecno, Infinix, Redmi, Samsung ko iPhone an yi ta ne don ta kwashe fili mai faɗi: taron biki, abokai a majalisa, kwanon abinci. A ma'aunin masu hoto tana kusan milimita 24 zuwa 26, alhali ƙwararrun masu ɗaukar tsuntsaye da gilashin milimita 400 zuwa 600 suke aiki.

Mu yi lissafi ka ga bambancin. Tsawon shahon kifi daga baki zuwa jela kusan santimita 60 ne. Idan yana nesa da kai da mita 50, faɗin abin da kyamararka ke gani a wannan nisan ya wuce mita 65. A hoto mai megafiksel 12, wanda faɗinsa ɗigo 4,000 ne, tsuntsun gaba ɗaya ɗigo 36 kawai zai ci. Ƙwayar gero a tsakiyar faifai. In kana so ya cika kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin hoton, sai ka je kusa da shi da mita biyu, kuma babu tsuntsun dajin da zai tsaya maka haka. Daga nan ɓarna ke farawa: mutum ya matsa, ya ƙara matsawa, ya hau bishiya, ya karya reshen da ya tare masa, ƙarshe tsuntsu ya tashi, hoto bai yi kyau ba, sheƙa kuma ta zauna a buɗe.

Zum ɗin da kake yi da yatsu biyu ba ya ƙara komai. Yanka tsakiyar hoton yake yi ya hura shi, shi ya sa 10x ko 30x a yawancin wayoyi ke fitowa kamar zanen da ruwa ya taɓa. Zum na gaskiya shi ne na gilashi, wanda ke da kyamararsa daban a bayan waya. Galaxy S23 Ultra na da mai 10x, kimanin milimita 230, iPhone 15 Pro Max na da mai 5x, milimita 120. Idan wayarka na da irinsa, duba lambar da aka rubuta a bayananta ka tsaya a kanta daidai. In 3x ce, danna 3x, kada ka ja zuwa 2.8 ko 7. In ba ta da shi, kunna yanayin 50MP ko 108MP da rana mai haske, ka ɗauka a 1x, ka yanka daga baya a nutse. Yakan ɗan fi hurawa da yatsu.

Madubin hangen nesa shi ne sirrin

Hanya mafi araha ta samun nisa ita ce ka ɗora idon kyamarar wayarka a bakin madubin hangen nesa, irin mai ido biyu da ake ratayawa a wuya. Za ka ga an rubuta masa 8x42 ko 10x42. Lambar farko yawan kusantowa ce, ta biyu faɗin gilashin gaba ne a milimita. Mai 8x zai mayar da milimita 26 ɗinka ta koma wajen 208, ɗigo 36 ɗin nan su koma kusan 290. Mai ido ɗaya da ake kafawa kan ƙafa uku, wanda ke farawa daga 20x, zai kai ka milimita 520, tsuntsun ya ci ɗigo sama da 700. Ka shiga sahun manyan kyamarori ke nan, kana tsaye inda kake.

Ga yadda ake yi. Fara saita madubin da idonka har tsuntsun ya fito tas. Sannan ka kawo babbar kyamarar wayar daidai tsakiyar wurin da kake sa ido. Za ka ga hoton cikin da'ira, gefe duk baƙi. Ɗan ƙara zum zuwa 1.5x ko 2x har baƙin ya ragu. Wayoyi masu kyamara uku ko huɗu suna da wani hali mai ban haushi: da sun ga duhu sai su sauya kyamara da kansu, allon ya yi baƙi ƙirin. Shiga yanayin Pro, a yawancin wayoyi a nan take tsayawa kan kyamara ɗaya. Akwai ɗan maƙalin roba da ake sayarwa mai riƙe waya da madubi tare, kuma ya cancanci kuɗinsa fiye da ƙananan gilasan nan masu maƙalawa da ake tallar 12x ko 18x a kansu. Waɗannan tsakiyarsu kawai ke fita, gefe duk hazo. Suna iya isa a gane wane tsuntsu ne, amma ba hoton da za ka yi alfahari da shi ba.

Duk abin da ya kusanto da tsuntsu sau takwas ya ninka rawar hannunka sau takwas. Ɗora madubin kan kututture, bakin kwalekwale da aka ɗaure, sirdin babur da aka kashe, ko buhun yashi. Kada ka taɓa allon don ɗauka. Sa lokacin jira na daƙiƙa 2 ko 3, ko ka jona iyafis mai waya ka danna maɓallin ƙara murya, yawancin wayoyi suna ɗauka da shi. Gargaɗi ɗaya da ba wasa: kada ka kuskura ka juya madubi wajen rana, ko da ido ko da waya.

Saitin da za ka yi tun daga gida

Kashe filasha gaba ɗaya, kada ka bar ta a Auto. Sa wayar a shiru don kada ƙarar ɗauka ko kira ya tashi. Goge gilashin kyamara da ƙyalle mai laushi, musamman lokacin hunturu da ƙura ke hawa komai.

Fararen tsuntsaye suna ruɗa waya. Balbela a gaban koren ganye ko ƙirjin shahon kifi a hasken rana sukan fito fari fat, babu alamar gashi. Danna kan tsuntsun ka riƙe har saitin ya kulle, sannan ka ja alamar ranar nan ƙasa kaɗan. Hoton da ya ɗan yi duhu ana gyara shi, wanda ya ƙone da haske ya tafi ke nan. Ga tsuntsu mai tashi, a yanayin Pro sa saurin ɗauka 1/1000 ko 1/2000, ka bar ISO ƙasa gwargwadon yadda haske ya bari. Yi amfani da ɗauka a jere: a Samsung ja maɓallin ƙasa, a sababbin iPhone ja shi hagu, a wasu wayoyin danna ka riƙe.

Ni dai ga shahon kifi na fi son bidiyo. Yakan tsaya cak a sama yana kaɗa fiffike, ya naɗe su ya faɗo, ƙafafu a gaba, ya nutse cikin ruwa ya fito da kifi, ya girgije a iska, ya juya kan kifin ya fuskanci gaba ya wuce. Duk wannan daƙiƙu kaɗan ne, yatsanka ba zai riske shi ba. Bidiyon 4K kuwa kowane firam nasa ya kai megafiksel 8, sai ka koma gida ka tsayar a inda ya fi kyau ka cire hoto. Ka dai lura, 4K na cin wuri kuma yana ɗumama waya, ka riƙe fawa bank ka kuma ajiye wayar a inuwa tsakanin ɗauka.

Lokaci kuma sassafe ne, daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe tara, ko bayan la'asar, rana tana bayanka. Da tsakar rana tururin zafi na tashi daga ƙasa da ruwa yana karkaɗa duk abin da ke nesa, babu madubin da ke maganinsa. Ranar da hazo ya yi kauri, ka haƙura.

Tsuntsun ne zai gaya maka iyakarka

Babu adadin mita guda da ya dace da kowane tsuntsu. Abin lura shi ne halinsa. Muddin yana abin da ka tarar yana yi, cin kifi, gyaran gashi, gyangyaɗi, to nisanka ya yi. Da ya daina ya miƙe wuya yana kallonka, ka kai iyaka, tsaya. In ya sunkuya, ya yi kashi, ya buɗe fiffike ko ya fara kuka, ka wuce iyaka, ja da baya a hankali. Kada ka nufe shi kai tsaye. Bi ta gefe kamar mai wucewa, zauna ƙasa, sa kaya marasa haske. Farar shadda ba ta fadama ba ce.

Wani zai ce, to in ya tashi mene ne, ai tashi aikinsa ne. Shahon kifi a wurin ci-rani yawancin yininsa a zaune yake, yana tara ƙarfi. A watan Maris zai ratsa Sahara, kwanaki babu kogi babu kifi, da kitsen da ya tara a nan. Idan ka tashe shi da kifi a ƙafa, yana iya sakinsa, ko shirwa da hankaka su bi shi su dame shi. Manyan sukan dawo wuri ɗaya kowace shekara, wani lokaci bishiya ɗaya. Wannan ribarka ce. Masunta sun san reshen da yake sauka. Ka gaishe su ka tambaya, ka riga shi zuwa, ka zauna ka jira. Tsuntsun da ya zo ya same ka a zaune ya fi yarda da kai a kan wanda kai ka je ka same shi. Kada kuma ka ruɗe shi da shirwa: ita jikinta ruwan ƙasa ne duka, jelarta mai baki biyu, shi kuwa ƙasansa fari ne, fiffikensa dogaye masu lanƙwasa, buɗewarsu ta kai mita ɗaya da rabi ko fiye.

A wajen sheƙa abin ya fi tsanani. Shamuwa na isowa da farkon damina ta yi sheƙa kan kuka ko tsamiya a tsakiyar gari, lokacin da zafin yankin Haɗeja bai gama sauka ba, a Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40. Tsayuwar da ka ga uwa ta yi kan sheƙa da rana, inuwa take yi wa ƙwai da 'ya'ya. Ka tashe ta, rana ta buge su, hankaka kuma dama yana gefe yana jira. Shamuwa ta saba da mutane suna kai da kawo a ƙarƙashinta, shi ya sa ta fi kowace sauƙin ɗauka, amma sabon da ta yi da masu wucewa ne, ba da mai hawa bishiya ba. Balbela da zalɓe a taro suke sheƙa, ɗaruruwa a wuri ɗaya. Mutum ɗaya ya kutsa sai gaba ɗaya su tashi, 'ya'yan da suka ɗan tasa su firgita su yi tsalle su faɗo ƙasa ko cikin ruwa, kuma da wuya wanda ya faɗo ya rayu. Zakaran ƙeƙuwa a ƙasa yake ƙwai, a bakin ruwa, launinsu sak na ƙasar. In ka ga yana zagaya kanka yana ƙara ba ƙaƙƙautawa, kana dab da taka su. Duba ƙafarka ka koma ta inda ka fito.

Saboda haka ba hawa bishiya, ba sare reshe ko yaye ganye don hoto ya fito, ba ɗaukar ɗan tsuntsu a hannu don bidiyon TikTok. Ganyen da ya tare maka shi ne ya ɓoye sheƙar daga shirwa. Hanyar da ka taka cikin ciyawa zuwa sheƙa kuma kare da guza za su bi ta bayanka. Kada ka kunna kukan tsuntsu a sifika don ya fito, uban da ya bar sheƙa yana neman abokin faɗan da babu shi ya bar aikinsa ne. Jirgi marar matuƙi kuwa kar ma ka fara. Tsuntsu na ganinsa kamar mai farauta daga sama, ga shi a Najeriya sai da izinin hukumar NCAA ake tashinsa. Shawarata minti goma zuwa sha biyar a wuri ɗaya, sannan ka tafi, ka bar kwanaki kafin ka dawo.

Akwai kuma mutane. Bishiyar shamuwa sau da yawa cikin gida take ko jikin katanga, madubin da ke kusanto da tsuntsu kuma yana kusanto da tsakar gidan mutane. Ka fara zuwa wurin mai unguwa, ka nemi izinin mai gida, ka nuna masa abin da ka ɗauka. A halin tsaron yanzu baƙo da madubin hangen nesa abin tambaya ne, gara ka gabatar da kanka kafin a tambaye ka. Baturiya, a ƙaramar hukumar Kirikasamma, gandu ne mai kariya da ya shiga jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci a duniya a 2008, sai ka bi ta hannun ma'aikatansa. Kada ka shiga ruwan da ba ya gudu da ƙafa saboda tsargiya, ka kuma kula da maciji cikin kacala.

Sheƙar shahon kifi fa?

Za ka iya ganinta, a wayarka. A Sikotlan harbi da satar ƙwai sun ƙarar da tsuntsun wajen 1916. Ya dawo a 1954 a Loch Garten, ɓarayin ƙwai suka sake bin sa, har ƙungiyar RSPB ta sa masu gadi dare da rana. A 1959 suka yi dabara: suka kafa rumfa daga nesa da madubin hangen nesa, suka ce kowa ya zo ya kalla daga nan. Mutum kusan 14,000 suka je a wannan shekarar. A Birtaniya dokar 1981 ta haramta damun shahon kifi a sheƙarsa, mai son ɗaukar hoto daga kusa sai da lasisi. Yau an kafa kyamarori a jikin sheƙu tun kafin tsuntsayen su dawo, suna watsawa kai tsaye a YouTube daga Loch Arkaig, Dyfi da Rutland Water. Daga Afrilu zuwa Agusta za ka ga ƙwai uku, kwancin mako biyar zuwa shida, da tashin 'ya'ya bayan mako bakwai ko takwas. Rage ingancin zuwa 360p saboda data. In ka cire hoto daga can ka saka, ka faɗi inda ka samo shi.

Bayan ka dawo gida

Wayarka na iya rubuta ainihin wurin da ka tsaya a cikin fayil ɗin hoto. Shiga Settings na kyamara ka kashe Location kafin ka je wajen sheƙa. Facebook da WhatsApp suna goge wannan bayani idan ka tura hoto yadda aka saba, amma in ka tura shi a matsayin Document don kada ingancinsa ya ragu, da bayanin yake tafiya. Rubutun da ke ƙarƙashin hoto ya ma fi tona asiri. "Fadamar Haɗeja" ta isa, ba sai ka ce bishiya kaza bayan ƙauye kaza ba. Cikin masu kallo akwai mai ɗanko, akwai mai kama tsuntsu ya sayar. Gauraka da ungulu da suka yi ƙaranci a ƙasar Hausa, kamu da fatauci na cikin abin da ya rage su.

Inda ya dace ka ba da wuri dalla-dalla shi ne wurin masu bincike. Manhajar Merlin za ta taimaka maka gane tsuntsu daga hoto, eBird kuma ta adana abin da ka gani. Cibiyar APLORI da ke Jos tana tafiyar da aikin taswirar tsuntsayen Najeriya tun 2015, masu sa-kai na tura bayanai ta manhajar BirdLasser, kuma waya kaɗai ake buƙata.

Kafin ka goge hoton shahon kifi don bai fito da kyau ba, buɗe shi ka duba ƙafafunsa. A Turai ana sa wa da yawa daga cikinsu zoben roba mai haruffa da lambobi tun suna cikin sheƙa. Na Birtaniya shuɗi ne da farin rubutu: a ƙafar hagu na Sikotlan, a ta dama na Ingila da Wales. Idan lambar ta karantu, rubuta launin zoben, ƙafar da yake, rana da wuri, ka aika ta shafin EURING. Sukan dawo maka da amsa: shekarar da aka sa zoben, da wurin da aka ƙyanƙyashe tsuntsun da ka gani a bakin kogin Haɗeja.